Yadda ake ƙaura daga tsohuwar babbar kwamfuta ba tare da kwabo ya salwanta ba

Akwai bankuna da kamfanonin inshora da hukumomin gwamnati da har yau lissafinsu yake tafiya a kan babbar kwamfutar nan da ake kira menfirem, jikanyar na'urar System/360 da kamfanin IBM ya fitar a 1964. Manhajar da aka rubuta mata da harshen COBOL shekaru arba'in da suka wuce tana iya tashi ta yi aiki a kan sabon samfurinta na yau, kuma wannan riƙon amana ne ya sa aka daɗe ana jingine da ita. Abin da ke tilasta ƙaura shi ne kamfani yana daina kula da tsohuwar uwar manhaja, wato wadda ke tafiyar da na'urar kanta, kuɗin lasisi kuma da dala ake biyansu, sannan waɗanda suka san cikin tsarin suna ta yin ritaya. Wannan bayani na ma'aikacin sashen kwamfuta ne, ko akanta, ko odita a Gombe, wanda aka wayi gari an sa sunansa cikin kwamitin irin wannan aiki, ko da na'urar tana Abuja ko Legas shi kuma ta layin sadarwa yake taɓa ta. Zan riƙa buga misali da biyan albashi da fansho, saboda shi ne aikin da idan ya karkace kowa a garin nan zai ji a jikinsa, daga mai shago a Jekadafari har mai gidan haya a Tumfure.

Kafin a kira ɗan kwangila, sai kwamiti ya tsai da magana a kan wace irin ƙaura ake nufi, domin iri biyu ce, kuma kuɗinsu da haɗarinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko ita ce a ci gaba da zama a kan menfirem, a ɗaga uwar manhajar kawai zuwa sabon zubi. A gidan IBM sunanta z/OS tun daga 2001, kafin nan OS/390 ce, kafin ita kuma MVS, duk zuriya ɗaya. Ta biyu ita ce a tattara komai a koma Linux, wata uwar manhaja ta daban, ko a kan na'urorin da hukuma ta mallaka, ko a kan na haya a wajen kamfanonin da ke ajiye wa mutane bayanai ta intanet. A ganina, idan damuwar kawai ita ce wa'adin zubin da ake kai ya ƙare, hanya ta farko ta wadatar. Idan kuwa kuɗin lasisi ne ya gagara, kamar yadda ya faru ga masu biya da kuɗin waje bayan da dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura naira 1,500 a farkon 2024, to ta biyu ce mafita, amma a shige ta da sanin cewa aikin shekaru ne, kuma na wani lokaci kuɗin tsari biyu za a riƙa biya a tare.

Wanda ya zaɓi hanya ta farko aikinsa ya fi sauƙi, sai dai yana da ƙa'idoji. IBM yana fitar da sabon zubin z/OS duk shekara biyu, 2.4 a 2019, 2.5 a 2021, 3.1 a 2023, yana kuma kula da kowanne na shekara biyar, shi ya sa wa'adin 2.4 ya cika a watan Satumba na 2024. Tsallen da aka yarda da shi bai wuce zubi biyu ba, wato daga 2.4 ana iya zuwa 3.1 kai tsaye, amma wanda ya yi sake har aka bar shi a baya fiye da haka sai ya yada zango a hanya. A duba ƙarfen kansa ma, domin 3.1 ba ya tashi a kan na'urar da ta girmi z14 ta 2017, kuma an cire JES3, ɗaya daga manhajojin jera ayyuka, daga cikinsa, don haka mai jera ayyukansa da ita sai ya koma JES2 tukuna ko ya nemi makwafinta a wani kamfani. Yadda ake yi shi ne a fara saka wa tsohon zubin gyare-gyaren da za su ba shi damar zama tare da sabon, a girka sabon a kan faifai na daban ta hanyar z/OSMF, manhajar IBM ta kula da tsarin, a tayar da shi a wani yanki da aka keɓe cikin na'urar, wanda ake kira LPAR, a yi gwaji a can. Tsohon faifan ba a taɓa shi, saboda idan abu ya ƙi, da shi za a sake tayar da na'ura. Wahalar ta fi fitowa daga manhajojin sauran kamfanoni da ke zaune a kai, kuma kowanne sai an tambayi mai shi a rubuce ko kayansa za su yi aiki a sabon zubi.

Kada a raina ɗaga zubi don an ce ƙaramin aiki ne. A watan Yuni na 2012 ma'aikatan bankin RBS na Birtaniya sun ɗaga manhajar da ke jera musu ayyukan dare, wato lissafin da na'ura ke yi da kanta bayan an tashi aiki, da suka ga ta fara ba da matsala sai suka cire sabon zubin suka koma tsohon, ba tare da sun gwada abin da cirewar za ta haifar ba. Ayyukan dare suka tsaya, lissafin ajiyar mutane fiye da miliyan shida ya rikice, wasu sai da suka yi makonni ba su ga daidai ba, kuma a 2014 hukumomi suka ci bankin tarar fam miliyan 56. Hanyar komawa baya ke nan ita ma sai an gwada ta, kamar yadda ake gwada ta zuwa gaba.

Ƙidayar abin da ke ciki

Ko wace hanya aka ɗauka, aikin farko na gaske shi ne ƙidaya. A rubuta kowace manhaja ta harshen COBOL ko PL/I ko Assembler, da kowane umarnin JCL da ke tayar da aikin dare, da shafukan CICS da ma'aikata ke shigar da bayani ta cikinsu, da fayilolin VSAM da rumbunan Db2 ko IMS, da sunayen masu izini da ke cikin RACF, da duk wata ƙofa da bayani ke fita ta cikinta, kamar fayil ɗin da ake tura wa banki, da na hukumar haraji, da na ƙungiyar ƙwadago mai cire kuɗin mambobinta. Kada a dogara da takardun da ke cikin kabad, domin galibi sun tsaya a shekarar da aka rubuta su. Na'urar tana da nata littafin, wato bayanan SMF, inda take rubuta abin da ya yi aiki da lokacin da ya yi. A duba na fiye da shekara guda, saboda akwai ayyukan da sau ɗaya suke tashi a shekara, irin su ƙarin matakin albashi da rufe lissafin ƙarshen shekara, kuma wanda ya duba na wata uku kawai zai ɗauka matattu ne ya bar su a baya. Za a kuma tarar da manhajojin da babu mai tayar da su, waɗannan a ajiye kwafinsu a ƙyale su, ba sai an biya ɗan kwangila kuɗin ɗaukarsu ba.

Daga nan sai a tabbatar rubutun asali na kowace manhaja yana nan, kuma shi ne ya haifi wadda take bakin aiki a yau. Yakan faru wani ya yi gyaran gaggawa cikin dare shekaru da dama da suka wuce, ya saka gyararriyar a bakin aiki, rubutun kuma ya ɓata. Hanyar ganewa ita ce a sake harhaɗa manhajar daga rubutun da ke hannu, a ba ta bayanan watan jiya, a ga ko za ta fitar da abin da ta bakin aiki ta fitar.

A nan ne ake buƙatar tsofaffin ma'aikata, da ma da tsohuwar zuma ake magani. Wani yana Bolari, wani ya koma gona a Kumo, kuma ba takardar gayyata da masinja zai kai ce za ta kawo su ba. Shugaban kwamiti ya je da kansa ya yi gaisuwa, ya ce, “Baba, neman ilimi muka zo, akwai wuraren da in ba ku ba babu mai warware mana su,” sannan a yanka masa alawus na mai ba da shawara a rubuce, a haɗa shi da matasa biyu masu rubuta duk abin da ya faɗa. Tambayoyin da za a yi masa na dalili ne: me ya sa ake tsallake masu lamba kaza wajen lissafin alawus ɗin gida, me ya sa wannan aiki ba ya tashi sai wancan ya gama. Gombe tana da nata tarihin da zai iya ɓuya cikin irin waɗannan fayiloli, tunda sai ranar 1 ga Oktoba 1996 aka cire ta daga jihar Bauchi, kuma ma'aikacin da aka ɗauka a 1988 a ƙarƙashin tsohuwar jiha ya fara aiki. Duk wata dabara da aka yi a lokacin don raba ma'aikata da shekarun aikinsu tsakanin jihohi biyu, idan ta shiga manhaja tana nan har yau, kuma ba lallai ne a same ta a wata takarda ba.

Juyar da bayanai

Wurin da ya fi cin mutane shi ne juyar da bayanai, kuma masu komawa Linux ya shafa. Menfirem tana rubuta haruffa da tsarin EBCDIC, sauran kwamfutoci kuma da ASCII ko Unicode, kuma lambar da kowanne ya ba harafi daban ce. Harafin A, a yadda injiniyoyi ke rubuta bayit, wato gurbin da harafi ɗaya ke ci, C1 ne a na farko, 41 a na biyu. Juyar da suna da adireshi ba wuya, akwai manhajojin da ke yi cikin ƙiftawar ido. Matsalar ita ce a layi ɗaya na fayil ɗin albashi akwai suna, wanda rubutu ne, akwai kuma kuɗi, wanda sau da yawa COBOL ke dunƙule shi da salon COMP-3, inda ake cusa alƙaluma biyu cikin bayit ɗaya, a bar rabin bayit na ƙarshe ya nuna ko kuɗin shiga ne ko na bashi.

A ɗauki ɗan fansho mai karɓar naira 40,000. A fili mai alƙaluma tara, biyun ƙarshe na kwabo, kuɗinsa yana zaune cikin bayit biyar kamar haka: 00 40 00 00 0C. To a tsarin EBCDIC bayit mai 40 shi ne tazarar da ake bari tsakanin kalmomi, a ASCII kuwa tazara 20 ce. Idan aka tura fayil ɗin gaba ɗaya cikin injin juya haruffa, kamar yadda manhajar tura fayil take yi idan an bar ta a kan yanayin rubutu, za ta ga 40 ta ɗauka tazara ce ta mai da ita 20, sauran bayit huɗun kuma su wuce yadda suke. Abin da zai fito shi ne 00 20 00 00 0C, wato naira 20,000 cif, lamba lafiyayya da babu manhajar da za ta yi ƙorafi a kanta. Mai naira 50,000 kuma zai koma 26,000, saboda 50 alamar & ce a EBCDIC, ita kuma 26 ce a ASCII. Allo ba zai nuna jan rubutu ba, sai dai dattijo ya ga alat ɗin rabin kuɗinsa ya nufo ofis. Maganin shi ne a ɗauko fayil ɗin ɗanyensa ba tare da an juya komai ba, sannan a bi shi fili-fili da taswirarsa, wadda masu COBOL ke kira kwafibuk, a juya rubutu a matsayin rubutu, kuɗi a matsayin kuɗi. A kuma lura da umarnin REDEFINES, wanda ke ba wuri ɗaya ma'ana biyu, ta yadda gurbin da yake ɗauke da ranar ƙarin girma a layin mai aiki zai iya zama lambar magaji a layin mamaci.

Jeri ma yana sauyawa, domin a EBCDIC haruffa ne ke gaba alƙaluma na biye, a ASCII kuwa alƙaluma ne ke gaba. Idan lambobin ma'aikata gauraye ne, wasu sun fara da harafi wasu da lamba, jerin zai kife, kuma tsofaffin manhajojin da ke haɗa fayil biyu ta hanyar bin su layi-layi za su riƙa tsallake mutane suna cewa ba su gan su ba. Sai batun kwabo. COBOL yana lissafi ne kamar yadda akanta ke yi a takarda, kuma in ba a ce masa ya cike ba, yanke ragowar yake yi ya zubar, alhali harsunan zamani da yawa, idan ba a zaɓi nau'in lambar da ya dace da kuɗi ba, ba sa iya riƙe ko da kashi ɗaya cikin goma daidai, sai dai kusa da shi. Kwabo ɗaya ba komai ba ne a aljihu, amma idan jimillar bauca ba ta yi daidai da ta banki ba odita ba zai sa hannu ba, kuma yana da gaskiya.

Gyaran da aka yi gabanin shekarar 2000 a wurare da yawa bai faɗaɗa filin shekara ba, ƙa'ida kawai aka sa cewa daga lamba kaza zuwa ƙasa sabon ƙarni ne, kuma idan aka ɗora irin wannan ƙa'ida a kan ranar haihuwa ba tunani, wanda aka haifa a 1948 zai iya fitowa a matsayin wanda za a haifa a 2048. Lambar asusun banki mai alƙaluma goma, da BVN da NIN masu goma sha ɗaya, a ajiye su a matsayin rubutu, domin asusu da yawa da sifili suke farawa, kuma da zarar wani ya buɗe fayil ɗin da Excel don ya ɗan duba, sifilin ya tafi. A gwada sunaye masu apostrofi irin su Sa'adu da Asma'u da Mu'azu. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, babu su a tsohon tsarin, a UTF-8 na Unicode kuma kowanne bayit biyu yake ci, saboda haka mai sha'awar gyara Danladi ya koma Ɗanladi ya dakata tukuna, don filin suna yana iya cika, kuma sunan yana iya saɓa wa wanda ke banki.

Ƙa'idar da ta fi kowace nauyi a wajena ita ce kada a haɗa ƙaura da gyara. Da zarar an ji za a sauya tsari kowa zai kawo buƙatarsa, wannan yana so a tantance ma'aikata a fitar da na bogi, wancan yana so a shigar da sabon mafi ƙarancin albashi, wani yana so a sauya fasalin takardar biya. Duk buƙatu ne na gaskiya, amma idan aka yi su lokaci ɗaya da ƙaura, sannan aka ga jimilla ta ragu da wasu miliyoyi, babu mai iya cewa ma'aikatan bogi ne suka fita ko kuwa 40 ce ta koma 20. Sabon tsari ya fara da kwaikwayon tsohon har da kurakuransa, a rubuta kurakuran a littafi, a gyara su bayan an zauna. Haka kuma a dakatar da taɓa tsohon tsarin, sai gyaran da doka ta tilasta, shi ma a yi shi a duka biyun. Wannan dalilin ne ya sa na fi karkata ga a ɗauki manhajojin COBOL yadda suke a sake harhaɗa su a kan Linux, da kayan kamfanoni ko da GnuCOBOL wanda kyauta ne, a nema wa CICS da JCL makwafi, maimakon a sake rubuta komai da harshen Java a tashi ɗaya. Sake rubutun yana iya zuwa daga baya, sashe-sashe.

Gwaji da ranar sauyi

Gwajin da ake yarda da shi shi ne a bar tsohon tsari da sabo su yi aikin wata ɗaya a tare, da bayanai iri ɗaya, amma tsohon ne ke biya. A maimaita aƙalla wata uku, kuma a tabbata ɗayansu wata ne mai rikici, wanda aka biya ariyas ko kuɗin hutu a cikinsa. A kwatanta yawan mutane, da jimillar albashi kafin cire-cire, da jimillar kowane abin da aka cire, da abin da ya rage, ma'aikata-ma'aikata da kuma ƙananan hukumomi goma sha ɗaya ɗaya bayan ɗaya. A tara har lambobin asusu a fitar da jimillarsu, duk da ba ta da ma'ana a karan kanta, domin idan lamba ɗaya ta sauya jimillar za ta tona. Bayan haka sai a sa manhaja ta kwatanta mutum da mutum, saboda ragi a wajen wani da ƙari a wajen wani suna iya rufa wa juna asiri a jimilla. Akanta da odita ne za su sa hannu cewa an yi daidai, ba ɗan kwangilar da ke jiran kuɗinsa ba, kuma yana da kyau a ɗaure kaso na ƙarshe na kuɗin kwangila da wannan sa hannu. Bayanan gwaji da za su shiga hannun baƙi kuma a ɓadda sunaye da lambobin cikinsu, domin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora alhakinsu a wuyan hukumar da ta tara su.

Daidaiton bayanai kaɗai bai isa ba. A watan Afrilu na 2018 bankin TSB na Birtaniya ya kwashe bayanan masu ajiya fiye da miliyan biyar zuwa sabon tsari cikin ƙarshen mako ɗaya, bayanan kuma sun isa lafiya, amma sabon tsarin ya kasa ɗaukar aiki, sai a watan Disamba al'amura suka daidaita, kuma a 2022 aka ci shi tarar fam miliyan 48.65. Saboda haka a yi gwajin cunkoso, a ɗora wa sabon tsari nauyin ranar da ta fi kowace cika, a auna ko aikin dare zai gama kafin a buɗe ofis. A kuma yi atisayen ƙaurar gaba ɗaya sau biyu ko uku da agogo a hannu, har da komawa baya, don a san awa nawa kwafe bayanan yake ci ta layin sadarwar da ake da shi a zahiri.

Wajen zaɓen rana, a kauce wa ƙarshen wata, da watan Disamba, da makon da ake jiran albashin Sallah ko Kirsimeti. Makon da ya biyo bayan an gama biya shi ya fi, a fara daga yammacin Juma'a. A tanadi janareta biyu da man da zai kai kwana uku, a gwada batiran da ke riƙe wuta kafin janareta ya ɗauka, don wanda ya ga duhun da aka yi a Arewa a watan Oktoba na 2024 ba zai jingina irin wannan dare ga wutar gari ba. Layin sadarwa ya zama biyu daga kamfanoni biyu da wayoyinsu ba su bi hanya ɗaya ba, kuma idan lokacin bazara ne a duba na'urar sanyaya ɗakin kwamfuta tun da wuri.

Daren kansa a tafiyar da shi da rubutaccen jadawali, kowane mataki da lokacinsa da sunan mai yi da na mai tabbatarwa. A ɗauki cikakken kwafin bayanai guda biyu kafin a fara, ɗaya a kai shi wani gini, kuma a taɓa maido da shi a gani, tunda kwafin da ba a taɓa buɗewa ba babu tabbacin akwai wani abu a cikinsa. A sa awa ɗaya takamaimiya, misali azahar ɗin Lahadi, wadda idan ta yi ba a gama ba za a koma tsohon tsari ba tare da muhawara ba, kuma mutum ɗaya ne zai riƙe wannan iko, an rubuta sunansa tun kafin ranar. Gajiya da kunyar a ce an kasa su ne ke sa mutane su ce a ƙara awa ɗaya har a wayi gari Litinin babu tsoho babu sabo. A sanar da jama'a ta rediyo tun da mako biyu, da Hausa da Fulfulde da sauran harsunan jihar, a buɗe teburin ƙorafi mai lambar waya da ake ɗagawa, a kuma horar da ma'aikatan da suka saba da koren allo da maɓallan sama, domin mai shekara ashirin yana shigar da bauca ba ya duban yatsunsa, kuma sabon shafi zai rage masa sauri na wasu makonni.

Bayan an ƙetare, kada a kashe tsohuwar na'ura. A rufe ƙofar rubutu a bar ta karatu, har sai sabon tsari ya rufe lissafin shekara guda kuma odita ya gama bincikensa. Tsofaffin bayanan da ba a ɗauka ba, waɗanda ke kan tef, a juya su zuwa fasalin da kowace kwamfuta za ta iya karantawa, a ajiye su tare da kwafibuk ɗinsu, saboda magajin da zai zo neman haƙƙin mahaifinsa bayan shekara goma ba zai tarar da na'urar karanta tef ɗin ba. A duba takardun lasisi tun da wuri, don wasu suna sabunta kansu idan ba a aika takardar dakatarwa da watanni ba. Faifai da tef kuma a goge su ko a lalata su a gaban odita da shaidu, a rubuta lambar kowanne a takarda a sa hannu, kafin a bari mai gwangwan ya shigo harabar.